Wa Ya Yafe Ƙafar Gwaggo?

Ranar kasuwa ce, cikin kaka, motar Alkasum ta taka Gwaggo Rakiya a bakin hanyar da ta fito daga ƙauyenmu ta nufi Guna. Ina bayanta kaɗan, ɗauke da kwanon ƙuli-ƙuli, ita tana ɗauke da bidon, wato jarkar man gyaɗa. Motar baya take ja don a ƙara mata buhuna, kuma Alkasum bai waiga ba. Na ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Da na duba, Gwaggo tana ƙasa, mai yana malala cikin rairayi, ƙafarta ta hagu tana ƙarƙashin taya.

Gwaggo ƙanwar Babana ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, da sana'ar gyaɗa take riƙe kanta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, Safiya, shi ya sa ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata. Alkasum kuwa mijin yayata Raudatu ne. A Damagaram suke zaune, shi ke jigilar gyaɗar ƙauyukanmu zuwa birni.

Mutane suka taru, aka ɗaga motar aka zaro ƙafar. Ƙashi ya huda fata a ƙwauri. Wani baƙo cikin masu sayen gyaɗa ya ce, "Kada a gusa da motar nan. A kira jandarma su zo su auna wurin, su rubuta."

Daidai lokacin Baba ya iso daga gona. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi motar. Bai dubi Alkasum ba, don ba ya haɗa ido da suruki, ko sunansa ba ya faɗa. Ya ce wa baƙon, "Mun gode, malam. Abin gida ne." Ya juya wajen masu lodi ya ce, "Ku gaya wa yaron nan ya ja motarsa ya tafi, kayan mutane ne a kai."

Motar ta tafi. Ƙafafun jama'a suka share sawun tayar kafin azahar.

A amalanke aka kai Gwaggo gida. Na zaci likita, wato asibiti, za a wuce da ita, don ba mu da nisa da Guna, amma Baba ya ce a kira Ɗan'azumi maɗori. Inna ta ce a hankali, "Malam, da rauni fa a buɗe." Ya ce, "Likita sai sun tambayi abin da ya same ta, su rubuta. In suka rubuta, gobe jandarma na ƙofar gidan nan. Kina so a ce na kai mijin ƴata gaban hukuma?"

Ɗan'azumi ya zo da karan dawa da tsumma da man shanu. Gwaggo tana gumi, leɓenta ya yi fari, amma bakinta bai mutu ba.

Ta ce, "Ɗan'azumi, akuyar Kolo da ka ɗora bara har yau da ƙafa uku take tafiya."

Ya ce, "Akuya ce, ba ta jin magana. Na ga alama ke ma haka kike."

"To ka ɗora da kyau. Buhu biyu na gyaɗa ke jirana a ɗaki."

Da ya ja ƙafar, ta damƙe hannuna har na ji kamar nawa ƙashin zai karye. Ba ta yi kuka ba. Ya yi tofi, ya jera kara, ya ɗaure tam, ya ce kada a kwance sai bayan kwana arba'in.

Ni aka bar wa jinya. Ni ke kai mata fura, ni ke fitar da kwanon bayan gida, ni ke kore mata ƙuda. Kwana uku na farko tana ba ni labari tana dariya. A kwana na biyar yatsun ƙafar suka kumbura. A na bakwai zazzaɓi ya shigo, tsumman ya fara jiƙewa da wani ruwa mai launin ƙasa. Na gaya wa Baba. Ya ce haka ɗori yake, sai ya yi ruwa yake kamawa.

Alkasum bai zo ba. An ce kunya ce ta hana shi. Ya aiko da katifa sabuwa da gwangwanin madara da sabulu, Baba ya sa aka ajiye katifar a tsakar gida yini guda don masu zuwa dubiya su gani. Kowa ya ce yaron kirki ne. Kowa ya ce ƙaddara ce. Kullum da hantsi muna jin odar motarsa a bakin hanya, tana kiran masu gyaɗa.

A kwana na goma masu rigakafin yara suka shigo gidanmu. Shugabarsu majo ce, wato babbar mai jinya ta likitar Guna, wata Babarbariya doguwa mai suna Gana. Tana ɗiga wa ƙanena magani a baki sai ta ɗaga kai ta shaƙi iska.

Ta ce, "Wa ke kwance a ɗakin can?"

Ta shiga da kanta. Ta ɗaga bakin tsumman da tsinke, ta daɗe tana dubawa, sannan ta zauna a bakin katifar.

"Iya, me ya same ki?"

"Mota ce, ƴar nan. Ta gida."

"An kira jandarma?"

"An ce abin gida ne."

Gana ta ce, "Ƙafar nan ba ta ɗori ba ce. Tana son a kai ki babbar likita a Damagaram, yau ko gobe, a wanke ta, a ɗauki hoton ƙashi. In an yi sauri za a iya ceto ta. Kuma ki ji, motocin haya suna da asiransi. Kuɗi ne mai mota yake zubawa wani kamfani duk shekara saboda rana irin wannan. In aka kai magana wurin jandarma, likita ya ba da takarda, kamfanin ne zai ɗauki nauyin maganinki, ba mai motar ba."

Gwaggo ta ɗago kai. "Ba ɗaure shi za a yi ba?"

"Ni ba alƙali ba ce. Amma na ga irin wannan da yawa. Abin da na fi gani shi ne a riƙe motar da takardar tuƙinsa na wani lokaci, kafin a gama bincike."

Da za ta fita ta tsaya wajen Baba a zaure ta maimaita masa. Ya yi mata godiya sosai, ya ba ta goro.

Da la'asar Gwaggo ta ce in kira mata Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Yaya, ina ake kai ƙarar mota?"

"Ƙarar wa?"

"Ba ƙarar mutum ba. Na ji an ce akwai masu biya. Ina so a kai maganata inda za a rubuta, a kai ni likita."

"Rakiya, zazzaɓi ne ke sa ki magana. Wace hukuma ce ta san mu? Mirya za ki, ko Damagaram? Wa kika sani can? Muna da mai gari a nan, wanda ya san ubanmu. In magana ce, a zaurensa za a yi ta."

"Mai gari yana da hoton ƙashi?"

"Kin san watan da muke ciki. In aka riƙe motar nan wata guda, kakar bana ta wuce shi. Da me zai ciyar da Raudatu da ƴaƴanta? Ke kika goye ta fa."

"Na goye ta da ƙafa biyu, Yaya."

Ya juya ya tafi.

Kwana biyu bayan haka Raudatu ta zo daga birni, da ƙaramin ɗanta a baya. Ta durƙusa gaban katifar tana kuka tun kafin ta gaishe ta. Ta ce uwar mijinta ta rantse, ranar da sammaci ya shiga gidansu, ranar za ta kwashe kayanta. Ta ce Alkasum ba ya iya cin abinci. Ta ce, "Gwaggo, don Allah ki rufa mini asiri."

Gwaggo ta shafa kan yaron. Ta ce, "Tashi, kada ki ɗiga mini hawaye a ciwo. Ni ban ce a ɗaure mijinki ba. Ƙafata nake nema."

"To ki ce kin yafe."

"In na warke, sai mu yi wannan maganar."

Raudatu ta fito ta same ni ina wanke tsumma. Ta ce, "Ke da take jin maganarki, ba za ki ce komai ba?" Na sunkuyar da kai. Ni dama ba mai magana ba ce, ko a lakwal, makarantar boko da na yi shekara huɗu, ban taɓa ɗaga hannu ba.

Washegari maza suka zauna a zauren mai gari. Baba ya je, kawun Alkasum ya zo a madadinsa, liman yana nan. Ba a daɗe ba. Baba ya ce shi ne babba, shi ne uban Rakiya yanzu, kuma ya yafe duniya da lahira. Aka yi fatiha, aka raba goro. Sai kawun Alkasum, mutumin birni da ya san hukuma, ya ce a rubuta, kuma mai ciwon ta sa yatsa.

Magatakardan mai gari ya biyo Baba da takardar da ƙaramin kwalin tawada. A zaurenmu ya tsaya, don baƙon namiji ba ya shiga cikin gida. Baba ya karɓa ya shigo shi kaɗai.

Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, ina jin su.

"Kawo hannunki, Rakiya. An gama magana."

"Me aka rubuta?"

"An rubuta an sasanta."

"Da wa aka sasanta? Ni ina nan kwance."

"Kada ki kunyata ni. Mutum yana jira a zaure."

Na leƙa. Gwaggo ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin hammata ta juya fuska ga bango. Baba ya tsaya a kanta, ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ambaci iyayensu. Ba ta motsa ba.

Ya fito. Ya tsaya a tsakar gida yana duban takardar, yana duban hanyar zaure. Sai idonsa ya faɗo kaina.

Ya ce a hankali, "Ke, goge hannunki ki zo."

Na goge a zane na je. Ya kama babban yatsana na dama, ya danna cikin tawada, ya danna a ƙasan takardar. Ya ce, "Ba komai ba ne. Don a zauna lafiya ne." Ya fita. Na ji magatakarda yana cewa, "Madalla, Allah ya ba ta lafiya."

Ban ce a'a ba. Ban ja hannuna ba. Wannan ya kamata in faɗa tun da farko.

Tawadar shuɗiya ce mai kama jiki. Na wanke da sabulu, na goga da toka, na dirza a dutse, ba ta fita ba. Da yamma na kwaɓa lalle kaɗan na ƙunsa yatsan shi kaɗai. Da na kai wa Gwaggo kunu, ta dubi hannuna, ta karɓi ƙoƙon ta sha.

Daga nan kwanaki suka yi ta muni. Yatsun ƙafar suka yi baƙi. Ta daina ba ni labari. Ta daina tambayar gyaɗarta, har ƙwari suka shiga buhunan. Ɗan'azumi ya dawo ya ce iska ce ta shiga ciwon, ya ba da turare. Liman ya aiko da rubutu. Masu dubiya suka koma tsayawa daga bakin ƙofa da gefen mayafi a hanci, suna cewa, "Sannu Rakiya, haƙuri dai." Inna ta mayar da murhunta bayan rumbu.

Kowa yana da abin faɗa. Baba ya ce kwana arba'in ba su cika ba. Inna ta ce ita matar gida ce, ba ta shiga tsakanin wa da ƙanwa. Maƙwabta suka ce tun da an yi fatiha, tayar da maganar neman fitina ne. Gana ta aiko sau biyu tana tambaya, aka ce mata da sauƙi.

A kwana na ashirin da shida warin ya kai zaure, inda Baba yake cin tuwo da abokansa. Ɗaya daga cikinsu ya ajiye loma ya ce wa Baba, "Mamman, mutane fa sun fara magana." Ranar ce aka yanke shawarar kai ta birni.

Motar Alkasum ce ta ɗauke mu. Aka shimfiɗa Gwaggo a baya, kan buhunan gyaɗa, ni ina riƙe da kanta. Kafin mu hau na ga wata ƴar takarda manne a gilashin gaba. Karatuna bai da yawa, amma na iya haɗa baƙaƙe, na kuma san lambobi. Ta asiransi ce, kuma da sauran wata biyar kafin ta ƙare. Tun ranar farko tana nan manne.

Baba ya ce in an tambaya a ce daga kan rumbu ta faɗo. Alkasum ya sauke mu a ƙofar likita ya wuce kasuwa da kayansa.

Likitan da ya kwance tsumman ya ja da baya. Ya ce, "Me ya same ta?"

Baba ya ce, "Faɗuwa ta yi."

Gwaggo ta buɗe ido ta ce, "Mota ce, likita. Rubuta mota."

Ya rubuta. Sannan ya ce da an kawo ta makon farko, da wata maganar ake yi. Yanzu in ba a cire ƙafar ba, ranta za ta ɗauka. Aka cire ta daga saman gwiwa. Awakinta uku da tukunyar suyarta aka sayar aka yi jinya. Baba ya koma gida ya bar ni da ita.

Wata ɗaya da rabi muka yi. Da ta fara tafiya da sanduna, ta ce, "Uwata, tun da muna birni, kai ni gidan shari'a."

Na ce, "Gwaggo, Baba fa?"

"Baba yana da ƙafa biyu. In yana so ya biyo mu."

Muka hau adaidaita. A gidan shari'ar Damagaram muka zauna kan benci tun safe har rana ta take. Wani ma'aikaci ya saurare ta da kyau, ya tambayi inda abin ya faru. Da ta ce ƙasar Guna, ya ce to Mirya za mu kai, can ne ke da wurin. Gwaggo ta ce, "Mai motar nan garin yake." Ya ce ya gane, amma a fara daga can.

Bayan kwana uku muka shiga motar Mirya. Fasinjoji biyu suka ɗaga ta. Can aka tura mu wurin jandarma, suka rubuta bayaninta, suka karɓi takardar likita, suka tambayi dalilin da ya sa ba a kira su ba ranar da abin ya faru. Gwaggo ta ce, "An ce abin gida ne." Wanda ke rubutun ya girgiza kai kawai. Aka ce mu koma gida, za a aika sammaci.

Ranar da sammacin ya iso, ba wanda ya yi wa Gwaggo magana a gidanmu. Inna ta ajiye mata tuwo a bakin ƙofa. Aka ce ta tona asirin gida. Aka ce ciwo ya taɓa mata hankali. Raudatu ta bugo salula tana kuka, ta ce an fitar mata da kwanukanta tsakar gida. Ni kuwa abinci ya daina shiga mini. Sau uku na zauna gaban Gwaggo don in gaya mata maganar yatsa, sau uku na tashi ban faɗa ba.

Ranar zama ta zo cikin azumi, ana tsananin zafi. A ofishin alƙali aka shigar da mu, ba babban zaure ba. Baba ya zauna a wannan kusurwa, Alkasum a waccan, kowa ya juya wa ɗan'uwansa gefe saboda kunyar surukuta. Ni ina tsaye bayan Gwaggo, riƙe da sandunanta.

Alƙalin ba tsoho ba ne, kuma da Hausa ya yi mana magana. Ya tambayi Alkasum ko shi ya taka ta. Ya ce shi ne, ƙaddara ce. Ya tambaye shi takardun mota, ya duba, ya ce, "Asiransinka yana da rai a lokacin. Me ya hana ka kai rahoto?" Alkasum ya ce manya ne suka ce an gama.

Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar, a naɗe cikin leda. Ya miƙa da hannu biyu.

Alƙali ya karanta. Ya ce, "Rakiya, nan an rubuta cewa an sasanta gaban mai gari da shaidu, kin yafe, ba ki neman komai. Ga yatsa a ƙasa. Naki ne?"

Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba nawa ba ne fa?"

"In ba naki ba ne, takardar nan ba ta da amfani, maganarki za ta ci gaba. Amma sai mun san mai yatsan. Za a ɗauki yatsun mutanen gidan a gwada. Sa yatsa da sunan wani a takarda laifi ne babba. Wanda ya sa da wanda ya sa shi ya sa, duka za su amsa."

"Ko yarinya ce?"

"Shekarunta nawa?"

Shekaruna goma sha tara.

Na dubi Baba. Ƙasa yake kallo. Ya san abin da ke cikin ledar nan tun daga gida, ya san kuma wadda ke tsaye a bayan ƙanwarsa. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe," amma muryar ba ta wuce haƙorana ba. Gwaggo ta miƙo hannu baya, ba tare da ta waiwayo ba, ta damƙe wuyan hannuna kamar ranar ɗori.

Ta ce, "Nawa ne."

Alƙali ya ajiye alƙalami. "Iya, ki yi tunani. Ba wanda zai taɓa ki a nan. Ƙafa fa kika rasa."

"Na san abin da na rasa. Zazzaɓi nake yi lokacin, na manta. Yatsana ne."

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi Baba. Na tabbata ya gane. Ya sake tambaya sau ɗaya, ta sake faɗa. Ya ce tun da mai haƙƙi ta amsa da bakinta cewa ta janye, shi ba zai iya nema mata abin da ta ce ba ta nema ba. Ya yi wa Alkasum faɗa mai zafi a kan rashin kai rahoto, ya ce wannan tsakaninsa da hukuma ne, ya dawo wani mako. Mu kuwa aka sallame mu.

A waje Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Rakiya." Ba ta dube shi ba. Alkasum ya aiko a ce mana akwai wuri a motarsa. Ta ce za ta jira ta haya.

Muka zauna a gindin wata bishiyar bedi a tasha. Na fashe da kuka. Na ce, "Gwaggo, ni ce."

Ta ce, "Lalle a yatsa ɗaya, ba biki ba salla. Kin zaci a ido motar ta taka ni?"

"To me ya sa kika zo, tun da kin sani?"

"Na zaci ba zai iya fito da ita ba. Na ce duk abin da Yaya zai yi, ba zai ajiye ƴarsa a gaban alƙali ya ɓuya a bayanta ba." Ta gyara zanen da ke rufe da dungun ƙafar. "Ashe ban gama saninsa ba."

"Da kin bari na faɗa."

"In miƙa uwata ga jandarma? Share fuskarki, azuminki zai yi rauni."

Yanzu Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta daga safe zuwa yamma. Ba ta iya tsayawa kan turmi, ba ta iya murza tunkuza, tukunyar suyar ma babu. Gyaɗar mutane take ɓarewa a ba ta abin da aka ga dama. Dungun yana yi mata ciwo, wani lokaci ta ce in sosa mata tafin ƙafar da babu. Takalminta na hagu yana nan a kan bango, ta hana a yar.

Raudatu tana ɗakinta, an mayar mata da kwanukanta. Alkasum ya biya tarar da aka ci shi, kakar ba ta wuce shi ba. Baba ya ƙara daraja a gari. In aka sami saɓani tsakanin dangi, shi ake kira, a ce a yi koyi da gidan Malam Mamman, inda aka rasa ƙafa sukutum ba a rasa zumunci ba. In baƙi suka zo yakan nuna ɗakin da haɓa ya ce, "Rakiya akwai haƙuri. Ta yafe."

A wurinmu wanda ke yafewa daban, wanda aka taka daban. Mai ƙafa biyu ne ke tafiya zauren mai gari. Mai ciwo tana ɗaki, ba a shiga a tambaye ta, don baƙo ba ya shiga cikin gida. Ana kiran wannan rufin asiri. Ni na ga abin da ke ƙarƙashin rufin, ni na wanke tsummansa kwana ashirin da shida. Kuma yatsana yana ciki, ban fitar da kaina ba.

Da salla ta zo, bayan an sauko daga idi, kowa ya bi ɗaki ɗaki yana neman gafara kamar yadda aka saba. Baba ya zo ƙofar Gwaggo da sabuwar rigarsa, yana ƙamshin turare. Ya tsaya inda ya saba tsayawa.

Ya ce, "Rakiya, barka da salla. A yafi juna."

Gwaggo ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta fasa ɗaya, ta jefa ƙwayar a ƙwarya, ta jefa ɓawon gefe.

Ta ce, "Ai kana da takarda, Yaya."